Yaran da Na Bi da Su ta Ƙofar Baya

Har yau ban manta da makon da baƙi masu bincike suka zo asibitinmu na yara a Katsina ba, a daminar shekarar da soja suka miƙa mulki. Ni ne mai raba kati. Karatuna firamare ne, saboda haka kullum ina tsoron kuskure.

An ce mana duniya ta maida hankali kan ƙwayoyin cutar da ke sa wa ƙananan yara tari da sarƙewar numfashi. Baƙin za su sa tsinken auduga a hancin yaro, su adana a ƙanƙara, su kuma rubuta tsananin ciwon.

Hajiya Metiron, shugabar nas-nas, ta ce, "Malam Idi, kai ne a ƙofa. Kada ka ba mu kunya."

Wannan magana ta tsaya mini a rai. Sai na riƙa zaɓen yara masu tsabta, masu 'yar mura, ina tura wa baƙin. Waɗanda suka galabaita kuwa, ƙirjinsu na faɗawa, sai in bi da su ta ƙofar baya zuwa ɗakin kwanciya.

Wata mata daga Batagarawa ta ce, "Malam, ɗiyata ba ta kai a nuna ma baƙi ba ne? Ko sai na sa mata kwalli?"

Na ce, "Yi haƙuri, can za a fi saurin duba ta."

Ran Alhamis likitar da ta jagoranci baƙin ta tambaye ni, "Malam, su ke nan masu tarin?" Na ce su ke nan.

Bayan wata biyu Hajiya ta shaida mana cewa injin iskar numfashi da baƙin suka yi niyyar bayarwa an kai shi wani gari, don rahoton ya nuna ciwon yaranmu da sauƙi. Nan na faɗa mata abin da na yi. Ta ce, "Da na ce kada ka ba mu kunya, shara nake nufi, Malam Idi. Shara da wanke benci."

Ta rubuta musu takarda, amma an riga an gama rabo. Damina uku muka yi muna yi wa yara fifita da kwali.

Ku da kuke ƙofa yanzu, mai bincike abin da kuka shigar masa kawai yake gani. Idan ba ku gane umarni ba, ku tambaya. Ni kunyar tambaya na ji.