Masassarar Ordinater

Tun tasowata ban taɓa ganin an bar abu mai daraja tsirara ba. Takobi yana da kube, littafi yana da gafaka, raƙumin kirki kuwa ba ya fita taro sai da ado. Saboda haka, ranar da ɗiyata, wadda take karantarwa a lekol nan Dakoro, ta kawo ordinater, wato kwamfuta, ta girke a zaurena, don kuran, wutar lantarki ke nan, ya fi zama a unguwarmu, abin da idona ya fara faɗawa a kai shi ne rashin suturarsa. Baƙin akwati ne, tsayinsa kamar ƙaramin turmi, gaba da baya da gefe duk huji, sai ka ce gindin madambaci. Na ce a raina, waɗanda sunka yi shi sun iya ƙira, amma ba a koya musu kunya ba.

A shekarar ne autana ya auri ɗiyar taubashina, ɗan kawuna, makiyayi a wajen Korahane. Anka yi biki taubashin nawa yana kwance a Maradi, likita ya cire masa yanar ido. Da ya dawo, na yi masa alkawari a gaban mutane cewa kafin ya bi dabbobinsa arewa zai ga auren ɗiyarsa da sabon idonsa, a zaurena, ranar kasuwa. Mutum irina kuwa, in ya faɗi magana a gaban mutane, ta zama igiya a wuyansa.

Ɗiyata ce ta ɗauki hotunan bikin gutsure-gutsure, aikin akwatin shi ne ya ɗinke su su zama fim guda. Ta shirya komai, sai anka kira ta wani horo na malamai a Maradi. Kafin ta tafi ta nuna mini wurin da zan danna.

Ta ce, "Baba, in kun danna, wani koren layi zai riƙa rarrafe a kan gilashi. In ya cika, fim ya nuna. Aiki ne mai nauyi, ku bar shi ya yi abinsa, kada yara su taɓa."

Yara ta ce. Ba ta ambaci dattawa ba.

Ba a sa baƙo aiki kafin a karrama shi. Na aika anka kirawo wata Buzuwa gwanar aikin fata, ta auna shi da taki, ta ɗinka masa riga ta fatar jar akuya, da geza da tuntaye, ta ɗinke ta a jikinsa ɗam. In ban da ƙofar da wayoyi suke fita, ko sauro ba shi da mashiga. Aikin kirki ba ya son gaggawa, don haka rigar ba ta ƙare ba sai jajibirin kasuwa.

Ranar kasuwa da hantsi na yi bisimilla na danna. Bazara ce, irin wadda kaza take buɗe baki a inuwa. Koren layi ya kama hanya, akwatin ya fara gurnani a cikin rigarsa, gurnanin ya zama huci. Layi bai kai rabi ba sai gilashi ya yi baƙi ƙirin. Na sake tayar da shi, ya sake somewa. Na cusa hannu a ƙofar wayoyi, na fizge shi da sauri, domin kaskon tuya ma ya san iyakarsa.

Ban yi karatun likita ba, amma na yi renon ƴaƴa. Jiki zafi, numfashi sama-sama, suma: masassara ce. Maganin masassara kuwa tun kakanni sananne ne, a lulluɓe mai ita har gumi ya karyo. Na ɗauko bargona mai kauri na rufa masa, na danna. Wannan karon ko rubu'i bai kai ba ya yi shiru. Na ɗauka barci ne, wanda alama ce ta sauƙi.

Ina cikin wannan jinya taubashina ya yi sallama, bayan azahar, da sandarsa a kafaɗa.

"Bawan gidanmu, ina auren ɗiyata?"

Na ce, "Yana nan ciki, tsohon banza. Mai riƙe da shi ne ba shi da lafiya."

Ya ɗaga bargo, ya daɗe yana kallon gezar. Ya ce, "Wannan kuma sarautar wace unguwa ka ba shi?" Ya taɓa, ya yarfe hannu. "Ba masassara ba ce. Kaya ne sunka yi masa yawa. Danginka nawa ka zuba a ciki? Ƙannenka mata kaɗai, in anka ɗora wa raƙumi su, sai ya durƙusa ya yi wasiyya. A fitar da naku, a bar namu, ka ga in bai tashi da gudu ba."

"Naku da sunka zo biki da ƙwarya a hammata?"

"To, a yi masa lalas. Sa a ɗora ƙarfe a wuta. Ko sa ne ya kwanta haka, lalas biyu a kafaɗa yake miƙewa."

Da gaske yake, har ya fara laluben inda kafaɗar take. Motar da za ta kai shi ga dabbobinsa kuma bayan la'asar za ta tashi, ya riga ya ɗora gishirinsa da geronsa. Nan na ga maganata tana shirin faɗuwa a gaban mutumin da zai yi ta ba da labarinta a bakin kowace rijiya har ƙarshen ransa. Na ɗauki salula na kira ɗiyata, wadda nake ce wa uwata don sunan mahaifiyata gare ta.

"Uwata, baƙonki yana suma."

"Baba, ku matsa da salular kusa da shi in ji kukansa." Na danna, na matsa. "Kamar daga cikin rijiya nake jin sa. Me ke kansa?"

"Bargo."

"Bargo! To, ku cire."

"A ƙarƙashi akwai riga."

Ta yi salati. Can ta ce, "Baba, Allah ya ƙara muku girma, hujin nan da kuka toshe hancinsa ne." Ta bayyana mini cewa in aiki ya yi nauyi cikinsa yakan ɗau zafi, akwai ɗan mafici a ciki mai jawo iska yana fitar da zafin, in kuma zafi ya wuce kima sai ya kashe kansa da kansa don kada ya ƙone. Na lura, na kuma faɗa mata, cewa wannan bayani bai saɓa wa nawa ba, tun da ni ma zafi na ce. Ta ce haka ne, amma a tuɓe shi, a janye shi daga bango, a kunce murfin gefe, a ba shi iska, kuma don Allah kada a yayyafa masa ruwa. Taubashina, wanda ya riga ya ɗauko buta, ya mayar da ita a hankali.

Rigar ba ta tuɓuwa sai da wuƙa. Ya zaro tasa da murna, ya kwantar da akwatin, ya fara daga wuya. Ya ce, "Na feɗe awaki ba adadi, amma yau na fara feɗe wadda anka riga anka jeme."

Munka tayar da shi tsirara, na danna. Ni da faifai, shi da mafici, dattawa biyu a durƙushe muna yi wa akwati fifita, gumi yana bin gemunmu. Masu dawowa daga kasuwa sunka riƙa leƙowa, wani ya tambaya ko a yi wa mai jiki sannu. Layi ya kai rabi, ya wuce. Hannuna ya gaji, na sassauta, hucin ya ƙaru, taubashina ya daka mini tsawa: "Fifita, bawa! Ɗiyata ce a ciki!" Anka kira la'asar, munka yi salla ɗaya bayan ɗaya don kada iska ta yanke. Daga bakin hanya shofer ɗin motar ya fara danna oda.

Layi ya cika.

Sai ga kiɗa, sai ga mata da kwanuka, sai ga ni cikin babbar riga ina karɓar gaisuwa, wanda taubashina ya ce ba don wannan anka gyara masa ido ba. Can anka nuno amarya, wata gwaggo ta ɗaga mayafinta kaɗan. Taubashina ya zuba ido. Ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashi, maficin yana ta kaɗawa a hannunsa bai sani ba. Shekaru ke nan yana ganin ta kamar ta bayan hayaƙi.

Ya ce, "Ashe haka ta ɗauko uwarta."

Shofer ya aiko cewa ba zai ƙara jira ba. Taubashina bai ko waiwaya ba. Ya ce a gaya masa ya sauke gishirin a Korahane, shi zai biyo wata motar.

Sa'an nan ya zungure ni da sanda. "Mayar da shi farko. Amma in an zo wurinka, ka sa hannu ka rufe."