Awazar da Ta Iso Yako a Mota

Shekara tara ke nan cif da rasuwar mahaifinmu, Malam Ɗanlami na Yako, Allah Ya jiƙansa. Har yau idan Babbar Sallah ta matso, hancina ne ke fara tuna shi. Ina zaune a ofis a Kano sai in ji ƙamshin kitse yana ɗiga a garwashi, in waiga, babu komai sai fanka tana juyawa.

Baba manomi ne, ba mahauci ba, amma ranar layya ba ya barin kowa ya taɓa masa rago. Shi zai feɗe, ya buɗe shi a jikin sanduna, ya kafa a gefen wuta bayan zaure, ya zauna kan kifaffen turmi yana juya shi har la'asar. Washegari a yi rabo. Cinya ta surukai, wuya na liman, sauran na maƙwabta da mu 'yan gida. Awaza kuwa, wato ɓarin haƙarƙarin nan da ya fi shan wuta da yaji, ko ɗanɗana ta ba ma yi. Ta wanda Baba ya yi saɓani da shi a shekarar ce. Wata shekara ta tafi rugar Bafulatanin da shanunsa suka shiga mana masara, wata shekara gidan ƙanen Baba da suka yi cacar baki kan iyakar gona. Muna yara har addu'a muke yi Allah Ya sa Baba ya shekara bai yi faɗa da kowa ba. Ba a taɓa amsa mana ba.

Yanzu a bene nake haya, inda ko gawayi ka hura sai maƙwabta sun leƙo. Layya ina yi, amma soyawa ake yi a gama. Gasasshiyar awaza kuwa a waya nake sayenta, wurin wata mata a Kaduna da ban taɓa ganin fuskarta ba. Ka zaɓa a hoto, ta gasa, ta naɗe, ta sa a kula, ta ba direba a tasha. Naka ɗumamawa kawai. Kuma kada in yi mata ƙarya, hannunta da daɗi.

Nakan kwatanta Baba a raina yana kallon wannan lamari. Ina ganinsa ya riƙe wayar nesa da ido, ya daɗe yana duban hoton, sannan ya tambaye ni wa ya yanka, ya fuskanci alƙibla kuwa? In ce masa ban sani ba. Ya ce to wa ya sha hayaƙin? In ce wata baiwar Allah. Sai ya yi 'yar dariyarsa ta hanci ya miƙo min wayar. Wani lokacin har inuwar zaure nake gani a bayansa, da hadari yana haɗowa ta wajen Badafi.

Zauren nan shi ya raba ni da yayana Habu. Bayan rasuwar da shekara biyu ya rushe shi ya gina shagon taki. Na zo na tarar da buhuna a inda Baba yake shimfiɗa buzunsa, raina ya ɓaci, na ce masa a gaban mutane da ma jira yake tsohon ya mutu. Tun daga ranar, shekara bakwai, tsakaninmu sai gaisuwar wurin jana'iza. Mu biyu kaɗai muka rage a ɗakinmu, shi furfura ta cika masa gemu, ni ma ta fara. Gaskiya ina tsoro. Ina tsoron ranar da za a kira ni a ce in zo jana'izarsa, in tafi da maganar nan a wuyana.

Bana da matar Kaduna ta tambaye ni inda za a kai, sai na ji bakina ya ce Yako, gidan Malam Habu mai taki. Direba ya sauke kular a Kwanar Ɗangora, ɗan acaɓa ya ƙarasa da ita. Na zauna ina yaba wa kaina dabara, na bi al'adar Baba ba tare da na haɗa ido da kowa ba.

Washegarin Sallah da hantsi waya ta yi ƙara. Yaya Habu ne.

"Saƙo ya iso," ya ce. "Ban buɗe ba."

"Yaya, taka ce ai."

"Na san tawa ce. Amma kai ka taɓa ganin Baba ya aiki wani da awaza? Da ƙafarsa yake kaiwa, ya tsaya a ƙofa ya yi sallama. Wannan ba ta yi min sallama ba."

Wallahi na manta. Mu yara naman muke bi da ido, ba mu taɓa lura da wanda ke ɗauke da shi ba.

Kafin azahar ina Yako. Masara ta yi kore shar tun daga bakin titi, iska tana ƙamshin ruwan da aka yi da safe. Na tarar da shi zaune a tsakar gida, kular tana gabansa a ɗaure yadda ta zo. Na durƙusa zan gaishe shi, ya ɗaga hannu.

"Ɗauki kayanka ka fita, ka shigo yadda ake shigowa."

Na ɗauka na fita. Mutum mai shekara arba'in da takwas, tsaye a ƙofar gidan da aka haife shi, rungume da kula, matan unguwa suna leƙe ta katanga. Na yi sallama, shiru. Na sake, shiru. Sai a ta uku ya amsa.

Zaure ya tafi, sandunan gashi sun daɗe da shiga murhu, nama ma yanzu mota yake hawa. Abin da ya rage na Baba shi ne bai yarda mutum ya wuce shekara da fushi ba, kuma bai yarda a ba da haƙuri daga nesa ba. Ni na riƙe rabin farko, Yaya Habu ya riƙe ɗayan, shekara bakwai kowa yana zaune da nasa. Allah Ya kai haske kabarinka, Baba. Mun ci awazar da sanyinta, domin babu wanda ya iya tashi ya ɗumama.