Burtun Baba Baƙo

Duk wanda ya zauna a ƙauyukan fadamar Haɗeja kafin yaƙin duniya na biyu, in ka ambaci Baƙo mai burtu zai ce maka ya san shi, ko ya ji labarinsa. Ni na san shi, kuma da hannuna a cikin abin da ya fi ɓata masa rai a duniya, shi ya sa nake ganin hakkinsa ne in rubuta. Sunana Shu'ibu. A lokacin ni ne malamin daji na yankin, wato mai yawo da takarda yana gaya wa mutane itacen da ba a sarewa da dabbar da ba a harbi. Aiki ne da ba ya jawo wa mutum farin jini ko kaɗan.

Baƙo maharbi ne ɗan maharbi. Gajere ne kakkaura, gwiwoyinsa sun yi kanta kamar na raƙumi saboda rarrafe. Da damina yakan noma gero da 'yar shinkafa kamar kowa, amma ba da zuciya ɗaya ba, matarsa Zainaba ta fi shi sanin iyakar gonar. Shi dai jira yake ruwa ya ja. Da zarar kogi ya koma mazauninsa ya bar tafkuna da ɗanyar ciyawa, barewa da gada suka fara saukowa, dinya ta cika fadama, to a nan za ka ga Baƙo ya wartsake.

Ga wanda bai taɓa gani ba, burtu tsuntsu ne babba, baƙi wuluk, mai dogon baki, a ƙasa yake yawo yana tsintar fara da ƙadangaru. Namun daji ba sa gudunsa, sun saba kiwo tare. To maharbi sai ya sami kan burtu, a kafa shi a kan lanƙwasasshen itace mai kamar wuya, a lulluɓe da fata, ya ɗaura a goshi, ya yafa baƙin zane, ya durƙusa. Yana rarrafe yana sarar ƙasa da bakin, ya ɗaga ya waiga, ya sake sara, har ya isa inda kibiya za ta kai. Na ga masu yi da dama, amma ban ga wanda ya kama ƙafar Baƙo ba.

Kan da yake ɗaurawa na kakansa ne. Kakan ya tsinci tsuntsun a mace a gindin wata kuka, ya cire kan, ya binne sauran. Daga nan gidan suka ɗaukar wa kansu doka: ba sa kashe burtu, ba sa cin namansa, in kuma burtun gaske ya shigo wurin da suke farauta, sai su naɗe zane su koma gida. Baƙo ya yi imani namun fadamar sun san wannan kan tun zamanin kakansa, barewa tana gaya wa 'yarta cewa wannan na gida ne. Ya ce kan da aka samu da kisa warin cin amana yake yi, na itace kuwa abin wasa ne, ko makauniyar gada ba za ta tsaya masa ba. Ni ban taɓa jin barewa ta yi magana ba, amma ban taɓa musa masa ba.

Akwai shekarar da wasu fatake suka zo suna sayen kawunan burtu don su kai wa maharban yamma. Baƙo ya tarar da ɗayansu a kan kuka yana zura hannu a kogon da tsuntsuwar take kwanci, ya janyo shi ta ƙafa, ya yi masa dukan da sai da aka ɗauke shi a kan jaki. Dagaci ya yi wa Baƙo faɗa a gaban jama'a, da yamma kuma ya aika masa da goro.

Kamar shekara uku kafin yaƙi takarda ta iso mana. Ashe wakilan ƙasashen da suke mulkin Afirka sun yi taro a Landan, Ingila da Faransa da sauransu, suka zauna suka jera sunayen dabbobi da tsuntsayen da suke tsoron kada su ƙare, suka sa hannu cewa kowa zai kare su a inda yake mulki. Hikimar ita ce doka ta zama ɗaya ko'ina, kada mutum ya yi kisa a nan ya tsallaka ƙasar da Faransa take mulki ya sayar. Takardar ta bi ta Ikko, ta bi ta Kaduna da Kano, kowane ofis ya ƙara mata nasa, har ta faɗo hannuna. Mutanen da ƙafarsu ba ta taɓa nutsewa a taɓon fadama ba, ga shi sun aiko mana da yadda za mu zauna da tsuntsayenmu. Abin ya ba ni haushi, amma in faɗi gaskiya dokar ba ta banza ba ce. Dattawan wajen Birniwa suna ba da labarin garken jimina, ni kuwa a duk yawona sau biyu na gan ta.

Ranar kasuwar Kafin Hausa na hau turmi na karanta. Da na zo kan balbela aka fashe da dariya, wai wa ya taɓa cin balbela. Da na ce burtu, sai na hango Baƙo yana ture mutane yana matsowa, baki har kunne. Ya sa na maimaita. Ya riƙe hannuna ya ce ashe Nasara ma suna da hankali, abin da kakansa ya gane tun tuni yau ga shi sarakunan duniya sun taru sun gane. Ya yi ta sa musu albarka.

A bayan takardar akwai wani sashe da ya ce duk wanda aka samu da kai ko fata ko gashin abin da aka lissafa, sai ya nuna shaidar yadda ya same shi, in babu a karɓe. Na gan shi. Na ɗauka maganar hauren giwa ake yi, rana ta yi zafi, mutane sun fara watsewa, sai na naɗe takardata na sauko. Wannan ganganci nawa ne, ba na wani ba.

Bayan wata biyu baturen daji ya zo rangadi. Mai Madubi muke ce masa, don kullum madubin hangen nesa yana rataye a wuyansa, in ya ga tsuntsu sai ya manta da wanda yake magana da shi. Baƙo ya ji labari, ya yanke shawara shi kaɗai cewa mutumin da yake ƙaunar burtu haka ya cancanci a girmama shi da abin da ya fi daraja a gidansu.

Da hantsi muna zaune a gaban bariki, sai ga burtu ya fito daga ciyawa yana sarar ƙasa. Mai Madubi ya ɗaga mana hannu mu yi shiru, ya kafa madubinsa, ya daɗe yana kallo. Sai da tsuntsun ya zo kusa ya miƙe tsaye ya ce, "Ranka ya daɗe, barka da zuwa." Baturen ya yi dariya har da tafi. Ya roƙa a ba shi kan ya duba, Baƙo ya kwance ya miƙa masa da hannu biyu. Ya jujjuya shi, ya ƙwanƙwasa bakin da farce, sai na ga dariyar tana barin fuskarsa. Ya tambaye ni da Turanci ko na gaske ne. Da a ce na ce itace ne, ina jin da ya karɓa, don ya fi son ya ji haka. Amma Baƙo yana tsaye yana kallona da alfahari, ni kuma tsoron aikina ya kama ni, na ce na gaske ne.

Ni na yi tafinta. Na gaya masa labarin kakan, da dokar gidan, da mutumin da aka ɗauka a kan jaki. Ya ce ya yarda da kowace kalma, amma akwai wanda ya ga tsuntsun a mace? Babu, duk sun rasu. Ya ce matsalar ke nan: in ya bar wannan, gobe duk wanda ya harbe burtu zai ce na kakansa ne, kuma alkawarin da aka ɗauka a Landan ba shi ya ɗauka ba balle ya sassauta. Zai tafi da kan, zai rubuta wa manyansa ya nemi a duba, zai kuma sa masassaƙi ya yi masa na itace.

Baƙo ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Malam, gaya masa mun riga su. Shekara sittin muna tsaron tsuntsun nan ba takarda. Yau da takarda ta zo, a duk fadamar nan ni ta fara kamawa?"

Na fassara. Baturen ya yi ja har kunnuwansa. Aka ɗaura wa kan lamba, aka sa a akwati, aka kai tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori.

Shekarar kuwa ambaliya ta cinye geron ƙauyensu. Mala masassaƙi ya yi aikinsa, ya shafa baƙi, ya lulluɓe da fata, ya yi kyau ƙwarai, amma Baƙo ya ƙi ko kallonsa. Sati uku yana zaune a ƙofar gida, fadama cike da nama. Zainaba ta tako har Haɗeja ta same ni, ta wanke ni tas. Ta ce rumbu ya kusa ƙasa, mijinta ya rantse nama ba zai tsaya wa itace ba, kuma ya fi son yunwa da a ce barewa ta guje shi a gaban mutane. Tunda ni na iya karatu, in je in karanta masa abin da za su ci. Ban ji haushinta ba, kunya na ji. Na ɗauki kan itacen da kaina na kai masa, na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini, ka gwada ko sau ɗaya ne." Bai hana ni ajiyewa ba.

Ya yi shekara goma sha ɗaya yana harbi da na itacen, har gwiwa ta gaza, ya rasu a ɗakinsa da damina. Amsar wasiƙar baturen ta zo shekara biyu bayan an karɓe kan, an yarda kayan gado ne, an ba shi takardar izinin riƙewa. Takardar ta iso, kan bai iso ba, an ce ba a san akwatin da yake ciki ba.

Amma ranar da ba ta barin raina ita ce ranar da ya fara fita da na itacen. Kafin azahar labari ya iske ni cewa Baƙo ya dawo da barewa. Na hau keke da murna na tafi. Na tarar gidan ya cika da hayaƙi da ƙamshi, Zainaba tana rabon nama wa maƙwabta. Shi kuwa yana bayan gida a gindin goruba, an ajiye masa ƙwarya bai taɓa ba. Na yi masa barka, na ce ai ga shi sana'a ba ta mutu ba.

Ya ɗago ya dube ni. Sannan ya ce, "Har na kai taku goma da ita, Malam. Ta ɗago ta dube ni, ta ci gaba da kiwonta. Ashe ba su san kan kakana ba. Ba su taɓa saninsa ba."

Na zauna kusa da shi har aka kira la'asar, naman ya huce a gabanmu.