Ranar da Na Ɗaure Ruwan Yara a Buhu

Akwai ranar da har in koma ga Allah ba za ta fita raina ba, kuma duk sanda na tuna ta sai na ji haushi ya taso mini sabo fil. Ku da kuka shigo aikin jigilar 'yan makaranta kwanan nan, ku matso ku ji, don wannan ba a koyar da shi a wurin karɓar lasin.

Lokacin ina shekara ta huɗu da fara jan bas ɗin wata firamare mai zaman kanta a Bakura. Sunana Lawali, amma Baba Lawali yara ke ce mini, har malamai suka ɗauka. Aikina in kwaso yara da safe, daga cikin gari har wajen Birnin Tudu, in mayar da su bayan azahar. Sau ɗaya a shekara, ƙarshen zangon karatu na biyu, ake fita da su ziyarar gani da ido. Wannan shekarar aka ce 'yan aji ɗaya da aji biyu za a kai dam ɗin Bakalori, can wajen Maradun, su ga ruwa, su ci shinkafa, a dawo da su kafin la'asar. Tsakiyar bazara ce, irin zafin da ko ƙofar mota ka dafa sai ka janye hannu.

Ga yadda tsarin tafiyar yake. Iyaye su sa hannu a takardar amincewa. Malamar aji ta riƙe jerin sunaye, ta kira kowa kafin a tashi da kafin a juyo. Hedimasta shi ne jagoran tafiya, gidan gaba yake zama. Direba kuwa mota ce tasa: mai, birki, taya, safaya, ruwan lagireto. Hedimastan namu, Malam Kabiru, a shekarar ya zo. Ba zan ce mugu ne ba, amma mutum ne da idan ya tsara abu a takarda, to gara kowa ya wahala da a ce takardar ta yi kuskure.

Da safe yara suka yi layi, kowa da gorar ruwansa rataye a wuya. Sai ga Malam Kabiru ya tsaya a ƙofar mota da wani tsohon buhun shinkafa, ya ce duk wanda zai shiga ya jefa gorarsa ciki. Wai an ba shi labarin tafiyar bara, an tsaya sau shida saboda fitsari. Kuma hanyar Mafara zuwa Maradun, a halin da ake ciki, ba hanyar da ake tsayawa a daji ba ce. Don haka dabararsa ita ce babu mai shan ruwa sai an isa, tunda a lissafinsa awa ɗaya da rabi ce kawai. Maganar daji gaskiya ce, duk wanda ke bin hanyar nan ya sani. Amma maganin da ya kawo mata, kai jama'a.

Malama Balkisu, malamar aji ɗaya, ta matso ta tuna masa da Saudatu. Saudatu 'yar shekara shida ce, ɗiyar wani manomi daga Birnin Tudu, kuma duk makarantar an san tana da sikila. Mai sikila kuwa ruwa ne rabin maganinsa, idan jiki ya bushe sai ciwon ya tashi a ƙashi. Hedimasta ya ce idan aka bar wa mutum ɗaya gora sauran za su cika mu da kuka, kuma awa ɗaya da rabi ba ta kashe kowa. Yarinyar ta cire gorarta da kanta ta jefa, don ta ga kowa ya jefa.

Ya miƙo mini buhun. Na karɓa, na ɗaure bakinsa da igiya, na tura can ƙuryar but a bayan mota, na ɗora kulolin shinkafa da tabarmi a kai. Ni da na haifi bakwai. Na san ba daidai ba ne, amma na ce a raina ni direba ne, shi mai digiri ne, ina ruwana.

An ce ƙarfe bakwai za a tashi, ba mu tashi ba sai tara da rabi, ana jiran a gama zuba abinci. Sannan ga babbar wauta: ranar Talata ce. Yo wa ke bi ta Mafara ranar kasuwa da mota cike da yara? Ko ɗan acaɓa ya san wannan. Amma Talata ce ranar da ma'aikatan dam suka ce za su iya karɓarmu, Hedimasta kuma baƙo ne a yankin, bai tambayi kowa ba. Nan ma na sani na yi shiru.

Daga Bakura yara waƙa suke ta yi, suna ƙirga shanu, suna gardamar ko akwai kada a dam. Muna shiga Mafara muka cake. Tirelolin hatsi, a-kori-kura cike da awaki, masu amalanke, masu babur, kowa ya kutso kai babu mai ja da baya. Yara ashirin da huɗu a motar mutum goma sha takwas, babu na'urar sanyi, rana ta take. Masu tallan ruwan leda suka kewaye mu, yara suka fara miƙa hannu ta taga. Sai Hedimasta ya juya ya ce a rufe gilasan. A rufe gilasai, cikin wannan zafin, don kada wani bawan Allah ya ji tausayi ya miƙa wa yaro ruwa.

Mun fi awa ɗaya a wurin sai allurar zafin injin ta hau. Kun san irin bas ɗin nan, injinta ƙarƙashin kujerar gaba yake. Na ce Hedimasta ya ɗan sauka in ɗaga kujera, ya sauka babu musu. Na jira ta huce, na ɗauko jarkar da nake ajiyewa saboda haka, na shiga tsiyaya wa lagireto ruwa. Da na ɗaga kai, duk yaran nan sun zuba wa jarkar ido, babu mai ƙiftawa. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba. Ƙarfe ya ji ƙishirwa an sauko da shugaba an ba shi ruwa, ɗiyan mutane suna kallo.

A nan na fara buɗe baki, shi ma a raunane. Na ce, "Ranka ya daɗe, ga mu tsaye cikin gari. Ko a buɗe but a ba su ko kurɓi ɗai-ɗai ne?"

Ya ce idan suka sha yanzu, daidai tsakiyar daji fitsari zai kama su. Sannan ya ƙara da cewa, "Kai dai ja mota, Lawali. Tsarin yara ba fanninka ba ne."

Na haɗiye. Na ja mota.

Sai bayan sha biyu muka fita daga cunkoson muka kama hanyar Maradun. Motar ta yi tsit. Ku riƙe wannan: yara a mota idan suna ihu lafiya lau suke, shirunsu ne abin tsoro. Na duba madubi na hango Saudatu a jikin Malama Balkisu, ta naɗe ƙafa ta riƙe gwiwa da hannu biyu, leɓenta ya bushe ya yi fari, tana kuka babu murya. Malama ba ta ma kira Hedimasta ba, ni ta kira.

"Baba Lawali, ciwon yarinyar nan ya tashi."

Ba mu yi nisa da gari ba. Na duba gaba na duba baya, na karya kan mota na juyo. Hedimasta ya daka mini tsawa, wa ya ba ni izini, ana can ana jiranmu, saura minti ashirin a isa, a can sai ta sha ruwa har ta ƙoshi. Na ce masa a can akwai ruwa amma babu likita. Ya ce idan ban mayar da motar nan kan hanya ba in ɗauka na bar aiki.

Na ce, "To na bari, ranka ya daɗe. Amma sai na sauke ɗiyan mutane da ransu tukuna."

A gidan man farko na bakin gari na tsaya. Na buɗe but, na watso tabarmi, na sauke kuloli, igiyar da na ɗaure da hannuna ta ƙi kwantuwa sai da na sa wuƙa. Ruwan ya yi zafi kamar na wanka, amma haka yaran nan suka kafa kai, wasu ko gorarsu ba su tsaya nema ba. Bayan sun sha Malama ta kai su bayan katanga suka yi fitsari. Na duba agogo don haushi, minti biyar bai cika ba. Abin da aka gasa su tun safe dominsa ke nan.

Saudatu ta kurɓa kaɗan ta kasa, ciwon ya riga ya kama. Muka bi ta bayan gari muka kai ta asibiti, ni na ɗauke ta a kafaɗa na shiga da ita, tana cizon rigata. Nan take aka ɗaura mata ƙarin ruwa. Ma'aikaciyar jinyar ta tambaya yaushe rabon yarinyar da ruwa. Hedimasta ya shiga duba wayarsa. Malama Balkisu ta ce tun bakwai da rabi na safe. Matar nan ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, kuma da zagi ta yi da ya fi mini sauƙi.

Aka buga wa uban yarinyar, Malam Mande, ya taso daga gona a kan babur, ko ƙafa bai wanke ba. Ya shiga ya ga ɗiyarsa, ya fito ya gaishe mu a natse, sannan ya tambaya wa ya karɓe mata ruwa, don shi da kansa ya cika gorar da safe. Hedimasta ya fara dogon bayani kan tsaron hanya da tsarin tafiya. Na katse shi na ce ni na ɗaure buhun. Malam Mande ya juyo ya dube ni.

"Kai, Baba Lawali?"

Iyakar abin da ya ce ke nan. Hedimasta baƙo ne a wurinsa, bai sa ran komai daga gare shi ba. Ni ne nake tsayawa a ƙofar gidansa kullum, ni yake miƙa wa yarinyar da hannunsa.

Sauran yara a gindin bishiyar asibiti suka ci shinkafarsu, na mayar da su Bakura, babu wanda ya ga dam. Saudatu ta yi kwana takwas a kwance, har jini aka ƙara mata.

To ku ji ƙarshen rashin kunya. Washegari Laraba ina isa makaranta aka miƙo mini takardar tuhuma, wadda ake ba ma'aikaci ya kare kansa a rubuce kafin a hukunta shi. Laifina uku: juya mota ba da izini ba, ɓata shirin makaranta, da yi wa shugaba gardama a gaban ɗalibai. Na sa aka karanta mini ita sau biyu, babu inda aka ambaci ruwa, babu inda aka ambaci Saudatu. Na ce Malama Balkisu ta rubuta mini amsa layi ɗaya, cewa na amsa duka ukun, kuma laifina na huɗu da aka manta shi ne ban yi su tun a ƙofar makaranta ba. Mai makaranta ya kira mu, ni da Hedimasta, ya ce a yi haƙuri da juna, a rufe maganar kada sunan makaranta ya ɓaci. Ni aka rubuta wa gargaɗi aka sa a fayil. Ba a kore ni ba, don ba su da wani direban da ya san gidajen yaran. Hedimasta kuwa ko kallon banza ba a yi masa ba.

Da aka dawo hutu na tsaya a ƙofar gidan Malam Mande kamar kullum. Saudatu ta fito a rame, tana ɗan ɗingishi, hannunta ɗaya a cikin hijabi. Ta zo bakin mota ta tsaya ba ta hau ba. Sai na lura gorarta ce ta ɓoye a ciki, ta ƙanƙame ta. Ta leƙa gidan gaba ta ga babu kowa, sannan ta ce a hankali, "Baba Lawali, yau ma za a karɓe?"

Na ce mata babu mai ƙara karɓa. Sannan ta hau, na ja mota.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku tafi da shi. A aikinmu an horar da mu mu ce to ga duk wanda ya zauna a gidan gaba, har mun ɗauka ladabi ne. Shugaba yana da takardarsa, ku girmama shi, amma shi gaba yake kallo, kai ne mai madubi, kai kake ganin fuskokin yaran. Idan hanya ba ta tsayuwa, ku tsaya da su a garin ƙarshe su sha, su zaga, sannan ku wuce. Idan ranar kasuwa ce ku faɗa tun ana shirin tafiya. Kuma duk wanda ya miƙo muku irin wannan buhun, komai girmansa, ku bar masa shi a hannu, ku ce motar ba ta tashi.