Ɗakin Baba Mai Gyaran Keke

Duk wanda ya tashi a Zangon Lome a zamaninmu ya san tsohon nan mai gyaran keke a bakin hanyar Amutive. Baba muke ce masa. In ya gama ɗaure maka birki, sai ya juya ƙafar keken, ya kara kunne, ya daki sirdin ya ce, "Hau, zai kai ka gida." Shekara talatin yana faɗin haka, shi kuwa bai taɓa komawa nasa gidan ba.

Da idonsa ya dushe har ya kai ga laluben sifana, sai ya ce zai koma ƙauyensu, gaba da Blitta. Amma ɗakin mahaifinsa ya daɗe da rushewa, Baba kuwa ya rantse ba zai kwana a ɗakin baƙi ba a garin da aka binne cibiyarsa. Rumfar da yake aiki kuma yake kwana a ciki, an riga an ba wani daga ƙarshen wata. Mu tara muka haɗu, 'yan makaranta da masu koyon sana'a, muka ce za mu hau kekunan da ya gyara mu je mu gina masa ɗaki a hutun Ista, kafin ruwan farko ya sauka. Ni ne shugaba, saboda na yi shekara biyu a makarantar koyon sana'a, ina da rula da zanen gini, kaina kuma ya fi ƙwarya girma.

Kwana uku muka yi a hanya. A lokacin jam'iyya ɗaya ce a ƙasar, kowa da hoton shugaba maƙale a ƙirji, shingen sojoji kuma ba ya ƙirguwa. A shingen farko wani soja ya dubi cebur ɗin da muka ɗaure a jikin kekuna ya tambayi inda muka nufa.

Na ƙame na ce da Faransanci, "On va construire, chef!" wato gini za mu je yi.

Ya yi dariya, ya ɗaga mana sanda. Bayan Notse rana ta fara gasa mu, a hawan Atakpame kuwa duk muka sauka muna turi, har da wani cikinmu mai cika bakin cewa cinyoyinsa na ƙarfe ne. Ko'ina muka yada zango, mutanen masallaci na jin abin da ya fito da mu sai su kawo koko da ƙosai.

Da muka isa ƙauyen, yayar Baba ce ta tarbe mu, tsohuwa ƙanƙanuwa mai Hausar kasuwa. Iya muke kiranta. Ta nuna mana kangon, ta nuna ramin jar ƙasa, ta koya mana tattaka ta da ƙafa, da curawa, da jerawa.

"Sahu ɗaya yau," in ji ta. "Gobe ku bar shi ya sha rana. Jibi ku ɗora."

Mu kuwa 'ya'yan yashi ne. A Lome ba mu san komai ba sai bulo da siminti, waɗanda in kana da ƙarfi sai ka kai bango kan taga da su a yini guda. Na ce mata, "Iya, kada ki damu, akwai plan." Ta dube ni, ta dubi takardar, ta tafi daka dawarta.

Sahu huɗu muka ɗora a ranar, muna waƙa. Da safe bangon ya yi tumbi kamar akuya mai ciki, kafin hantsi ya zauna ƙasa gaba ɗaya. Wani abokina ya tuɓe hula ya rusuna ya ce, "Sannu da aiki, Monsieur l'ingénieur," wato ranka ya daɗe injiniya. Ban iya dariya ba. Kunya ta kama ni, tsoro ya fi ta, domin hadari ya fara leƙowa ta gabas, kuma ni ne na dafa ƙirji a gaban Baba.

Iya ta yi dariya har ta share hawaye, sannan ta ce mu sake, yadda ta faɗa. Na ce to, amma samari tara za su zauna su zuba wa bango ido yana bushewa?

Ta ce, "Wa ya ce ku zauna? Ba kuna da kekuna ba?"

Ashe a wata unguwa ta arewa akwai matar da ke riƙon jikoki huɗu a ɗakin da ya tsage, a ta gabas kuma wani manomi ya karye a ƙafa ya bar gininsa a rabi. Tafiyar ƙafa da nisa, a keke kuwa ba komai ba ce. Haka muka tsara: yau mu ɗora sahu a ɗakin Baba, gobe mu rabu biyu, wasu arewa wasu gabas, mu ɗora musu nasu. Tafin hannunmu ya tsattsage, wandunanmu suka rine ja. Takardar zanena kuwa da ita aka hura wutar shayi.

Ranar da bangon ya kai, sai na ga ba mu da isasshiyar ciyawa, babu kuma wanda ya taɓa ɗaura jinka a cikinmu. Sama ta yi baƙi. Ina tsaye na rasa abin yi, sai muka ji ganga. Mutanen unguwannin nan biyu ne a jere, maza da itace a kafaɗa, mata da dammunan ciyawa a ka, manomin nan a gaba yana dogara sanda. Iya ta ce haka al'adar take: wanda ka taka wa ƙasa, shi zai zo maka jinka. Kafin la'asar an baibaye ɗakin tsaf. Mun yi ihu, mun kaɗa ƙararrawar kekuna har kaji suka watse, ni kuwa na juya baya na yi kukana.

Washegari Baba ya iso a jirgin ƙasa, kamar yadda muka shirya tun daga Lome. Na ɗauko shi daga tasha a bayan kekena, yayyafi na bin mu. Bai gaisa da kowa ba tukuna. Ya bi bangon yana shafawa da tafin hannu, sahu bayan sahu, ya kara kunne kamar mai sauraren ƙafar keke. Ruwan ya kece. Ya shiga, ya tsaya a tsakiyar ɗaki, ya ɗaga tafukansa sama yana jira. Ko ɗigo bai taɓa su ba.

Sai ya fito bakin ƙofa, ya laluba har ya sami sirdin kekena, ya dake shi sau biyu.

"Madalla," ya ce. "Ya kawo ni."