Ɗorawar Tani

Baba Mati Bamaguje ne na bayan Maska, manomin dawa da auduga. Gonarmu da tasa iyaka ɗaya, kuma tun ina ƙarami ban taɓa jin ya kai ƙarar kowa ba. Ko shanu suka cinye masa wake, sai ya ce ai su ma yunwa suke ji. Wannan hali nasa yana ba ni haushi, yana kuma sa in ƙara ƙaunarsa.

Matarsa Tani ta rasu da daɗewa, aka binne ta a gindin ɗorawar da ke bakin gonarsa. Kullum da safe sai ya biya ya gaishe ta.

Bara wani kamfanin gurzar auduga ya sayi filayen wajen don gina sito, ɗorawar ta faɗa cikin shacinsu. Aka shafa mata jan fenti, alamar sarewa. Baba Mati ya daina cin abinci, amma bai kai ƙara ko'ina ba.

Su kuwa masu zuba jari a kamfanin suka ce ba za su ƙara kuɗi ba sai sun ga rahoton yadda aikin ya shafi mutane da ƙasa. Aka turo wata Malama Yasmin ta bi gida gida tana tambaya.

Na ce masa, "Baba, yau fa ranarka ce, ka yi magana."

Ina! Shi a wurinsa ba a tarbar baƙo da kuka. Ya shimfiɗa mata tabarma, ya kawo fura. Duk abin da ta tambaya, "Lafiya lau, 'yata." Har kaza ya kama mata. Kamar in fashe don takaici.

Da ta tashi, ya yi mata rakiya, ina biye da su. Muna isa gindin ɗorawar ya tsaya, ya dafa ta daidai kan fentin.

"Tani, ga baƙuwa mun yi daga nesa," in ji shi a hankali.

Malama Yasmin ta dube ni, ta dube shi. "Baba, da wa kake magana?"

"Uwar yarana ce. Nan take kwance."

Ta ajiye kazar, ta durƙusa, ta rubuta wannan a cikin rahotonta.

Yanzu in ka je, za ka ga katangar siton ta zo miƙe, sai ta lanƙwashe ta bar ɗorawar a waje. Jan fentin yana nan, bai gama gogewa ba. Baba Mati ya koma cin tuwonsa, kuma har yau cewa yake shi bai kai ƙarar kowa ba, baƙuwa kawai ya nuna wa matarsa.