Wutar da Inna Dudu Ta Lulluɓe

A bakin ruwan Yelwa, in ka hangi hayaƙi fari siriri yana tashi daga bayan rumfunan masu kifi, to na Inna Dudu ne. A wani ƙauyen Ngaski aka haife ta, a gaɓar tafkin Kainji, kuma tun kafin ta iya ɗaura zani ta iya juya tarwaɗa a kan ragar banda ba tare da fatar ta saɓule ba. Aure ya kawo ta Yelwa. Mijin ya rasu ya bar mata gangunan banda da 'ya ɗaya, Yasira, kuma da hayaƙin gangunan nan ta kai yarinyar har jami'a.

Masunta sun yarda da ita ne saboda wuta ba ta taɓa gagararta ba. Ba ta kashe wuta da ruwa. In ta gama aiki sai ta tattara garwashin wuri ɗaya ta lulluɓe shi da toka. A haka zai kwanta, ba ya cin komai, ba ya mutuwa, da safe ta tone ta hura. Haka uwarta ta koya mata, cewa wutar da ba ka buƙata yanzu rufe ta ake yi.

Da Yasira ta gama karatu ta dawo gida da kwamfuta da cajarta. Cajar ba ta asali ba ce, ta kasuwa ce, kuma ɓera ya ɗan ci wayarta an naɗe wurin da salatif. Kullum tana jone a soket ɗin da ke gefen katifa, ko kwamfutar na nan ko ba ta nan, don ba a san lokacin da za a kawo wuta ba.

Wata rana Inna Dudu ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon ɗan koren hasken da ke jikin cajar.

"Yasira, wanga abin naki mai ido ɗaya, ba ya barci?"

"Inna, bar shi kawai, don Allah kar ki cire min."

"To wutar cikinshi taka zama?"

Yasira na danna waya, ko kai ba ta ɗaga ba. Ta yi dariya ta ce, "E, Inna, a ciki take."

Ranar da Yasira ta tafi Birnin Kebbi jarrabawar neman aiki, ta ɗauki kwamfutar ta bar cajar a bango. Inna Dudu ta shiga share ɗakin da hantsi, hannunta ya taɓa cajar ta ji ɗumi. Sai tausayi ya kama ta. Yarinya ta yi sauri ta bar wutarta a buɗe, ga iska na shigowa ta taga, kafin ta dawo ai ta cinye. An ce kada ta cire, ba za ta cire ba. Ta tura cajar tsakanin katifa da bango, ta naɗe ta da tsohon zani, ta danne da matashi. Ta fita bakin ruwa ranta fari.

Bayan azahar aka ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi har ƙwan fitilar maƙwabta ya fashe. Murja maƙwabciyarta ce ta fara ganin hayaƙi ta tagar Yasira, ta kwarma ihu. Kafin maza su ɓalle ƙofar da bokitai, katifa ta tafi, kayan sawa sun tafi, silin ya kama. Inna Dudu ta iso a guje ba takalmi, ta kutsa ta jawo akwatin da takardun makarantar Yasira ke ciki. Akwatin ya tsira. Hannunta na dama ya sale har wuyan hannu.

Enoch, mai gyaran wayar wuta na unguwar, ya tone tokar ya zaro abin da ya rage na cajar. Ya ce irin wannan ba ta da inganci, ga waya a ɓalle, ga wuta ta zo da ƙarfi, ga shi kuma an rufe ta ba ta shan iska. Cikin duk bayanin nan abu ɗaya Inna Dudu ta ji: an rufe ta.

Daga ranar ba ta ƙara hura wuta ba. Gangunan suka yi sanyi. Jibrin masunci, wanda tun yana saurayi ita yake kawo wa kamunsa, ya zo da kwandon karfasa ta ce ya kai wa wata.

"Haba Inna, wa ta iya irin taki?"

"Ni da na ƙone ɗakin ɗiyata da hannuna? Ɗauki kifinka, Jibrin."

Ruwa na ba da kifi sosai a lokacin, kuma masunci ba ya jira da ɗanyen kifi. Ɗaya bayan ɗaya suka fara komawa wajen wasu. Inna Dudu ta sani in suka saba can ba za su dawo ba. Tana zaune a kan turmi da hannu a naɗe, tana jin ƙanshin hayaƙin wasu.

Tun da Yasira ta dawo daga Birnin Kebbi ba ta cin abinci sosai. Ta durƙusa gaban uwar ta ce, "Inna, ni ce. Kin tambaye ni, na ba ki amsar wasa. Da na ɗaga kai na yi miki bayani..."

"Tashi," in ji Inna Dudu. "Ke mi kinka sani game da wuta? Ni ce babba."

Da Jibrin ya sake leƙowa, Yasira ta tare shi a zaure ta karɓi kwandon. Ta jera kifin a ragar wata gangar banda da ke tsakar gida, ta cusa itace, ta zuba kananzir ta ƙyasta ashana. Wuta ta tashi bal-bal, hayaƙi baƙi ƙirin ya turnuƙe gidan. Inna Dudu ta kau da kai. Sai ta ji ƙaurin fatar kifi.

"Ke! Gashi anka ce ki yi ko banda? Janye itacen nan!"

Ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Da hannun hagu ta zare itatuwan, ta watsa ɗanyen ganye a kan harshen wutar, ta tsaya har hayaƙin ya koma fari. Kifi uku sun ƙone, sauran sun fita.

Da yamma ta tattara garwashin. Ta ɗebo toka, ta daɗe tana kallon garwashin. Sannan ta zuba.

A ɗakin da suke kwana tare yanzu, wata caja ta aro na jone a bango, idonta a kunne. Inna Dudu ta nuna ta da haɓa.

"Waccan fa, ya aka yi mata?"

Yasira ta tashi ta zare ta, ta naɗe wayar ta rataye a ƙusa. Ta ce, "Wannan cirewa ake yi, Inna."